Sakatar Hagu

Ƙafafunsa ne suka fara fitowa. Noureddine ya cafke su ta idon sawu ya fizga, sai ga Régis Vauquelin ya sulluɓo daga ramin tukunyar ya zube a kan dakalin ƙarfe, rigar robarsa a kumbure da iska, tiyon numfashi na biye da shi kamar wutsiya.

"An gama," Régis ya faɗa ta abin maganar da ke cikin hularsa. "Murfi ya zauna."

"To ja jikinka daga nan, Tsoho," in ji muryar Ghislaine a kunnensa. Ita ce shugabar ayarin, tana can wani ɗaki daban a gaban allon kallo. "Nan ba wurin kishingiɗa ba ne."

Noureddine ya tallafe shi suka koma bayan katangar dalma. Mai awon radiyeshin ya zo ya tsarge rigar Régis ta baya da almakashi, ya duba mitar da ke manne a ƙirjinsa, ya ɗago kai.

"Ka ƙone, mutumina. Sai baɗi kuma."

Régis ya gyaɗa kai. Dama ya san tsallensa na ƙarshe ke nan a bana.

Aikin ba shi da wuyar faɗi. Idan aka tsayar da tashar nukiliya don gyara, ana zuƙe ruwan da ke gindin tukunyar tururi, wurin da ake kira akwatin ruwa, domin a shigar da na'urar duba ƙananan bututai. Amma a cikin akwatin akwai bakin wani ƙaton bututu da ya taho daga tanderun tashar. Dole a toshe shi da murfi kafin a cika tafkin da ke sama, in ba haka ba ruwan zai gangaro kan duk wanda ke aiki a ƙasa. Murfin kuwa ba ya sa kansa. Mutum ake cusawa ta wani rami da bai wuce faɗin kafaɗa ba, ya daidaita murfin, ya kulle sakatunsa, a janyo shi kafin minti biyu. Su ake ce wa 'yan tsalle. Radiyeshin da ke ciki suna kiransa zafi, ko da yake fata ba ta jinsa. Kowa da kason da aka yarda ya sha a shekara. Wanda ya cika nasa ya ƙone, ba zai sake kusantar rami ba sai shekara ta zagayo.

'Yan jarida kan zo jefi-jefi su kira su jarumai. Ba jarumta ba ce. Mutum ne mai ƙananan kafaɗu da ba ya tsoron matsi, aka ba shi aikin da inji bai gama koya ba.

A ayarin nan mutum ɗaya ne bai sha zafi ba a bana, shi ne Noureddine Messaoudi. Ba tsoro ba ne, don ya fi Régis sauri a rami, kowa ya san haka. Shi da matarsa Houria sun daɗe da aure ba haihuwa, bana suka shiga hannun likitoci a Valence. Likitan ya ce ba zai rantse cewa zafin ne sanadi ba, amma idan da hali ya nisanci ramin har a gama magani. Houria ba ta ji "idan da hali" ba. Ta sa shi ya yi mata alkawari. Shi kuma ya je ya sami Ghislaine, ta mayar da shi bakin ƙofar ramin, ya tura mutum, ya janyo mutum. Tun daga nan ya zama abin tsokana.

A ɗakin cin abinci Sylvère ne ya fara, kamar kullum. Shi ma ɗan tsalle ne, kasonsa ya kusa cika tun farkon mako, ba abin da ya rage masa sai baki.

"Ki ƙara wa ango dankali," ya ce da matar da ke zuba abinci. "Kiwata shi ake yi. An hana shi rana, an hana shi rami, sai ci da kwanciya."

"Kai da ba a kiwata ba ai ka haifi uku," in ji Noureddine, "ga shi ba wanda ya ɗebo hancinka."

"Allah ne ya taimake su."

"Ko maƙwabci."

Tebur ya ɗauki dariya. Sylvère ya jefe shi da ɓawon burodi. Ghislaine ta zo wucewa da farantinta, ta ɗan tsaya.

"Gwajin iska ya yi kyau, murfin ba ya yoyo. Da yamma za a saki ruwa. Tsoho, yau kam halalinka kake ci."

Ta wuce. Régis ya miƙa hannun dama zai ɗauki gishiri. Gishirin yana hagu. Hannun ya sauka a kan tebur babu komai a ƙarƙashinsa, shi kuma ya zauna yana kallonsa.

Akwatin ruwa gida biyu ne da bango a tsakiya, ɓangaren da ruwa ke shiga da wanda yake fita, suna fuskantar juna kamar tafin hannun dama da na hagu. Kafin a yi tsalle ana shafe kwanaki ana gwaji a wani akwatin kwaikwayo da ke rumbun kamfani, a yi ta maimaitawa har hannu ya haddace, domin a cikin rami ba a son tunani. Mai tsayawa tunani daɗewa yake yi, zafi kuwa ba ya jira. Amma akwatin kwaikwayon ɓangare ɗaya ne kawai, na shiga, inda sakatar ƙarshe take jikin bango ta hannun dama. Yau ɓangaren fita ya shiga. Can bangon yana hagu.

Ya tuna hannunsa na dama ya tafi, ya sami sakata, ya murɗa, ya ji ta daram. Ya tuna ya ce an gama. To amma wadda ke dama ai tun farko ya kulle ta. Ta hagun, ta jikin bango, ya lalubi kansa bai same ta ba. Bai tuna ya taɓa ta ba. Bai kuma tuna ya tsallake ta ba. Wurin fari ne fat.

"Tsoho, addu'a kake yi wa teburin?" in ji Sylvère.

Régis ya ture farantin ya miƙe.

Ya tsaya a rumfar shan taba bayan ɗakin. Iskar arewa na saukowa ta kan kogin Rhône, tana karkata farin tururin da ke tashi daga hasumiyoyi. Sai da ya juya mata baya sannan ashana ta kama.

Mutum idan yana neman dalilin yin shiru ba ya rasawa, Régis ya samu da dama kafin tabar ta kai rabi. Gwaji ya wuce lafiya. Sakatun suna da yawa, guda ɗaya ba za ta kayar da murfi ba, wataƙila. Shekarunsa a wannan sana'a sun fi na wasu injiniyoyin tashar a duniya, hannunsa bai taɓa ba shi kunya ba. Babu wanda ya gani, babu wanda zai tambaya. Gobe zai ɗaura motar kwanansa a bayan tsohuwar motarsa ya nufi gida, ya yi ta noman tumatir har baɗi.

Sai dai ya san abin da gwajin iska ke aunawa: robar gefen murfi kawai. Sakatu ne ke ɗaukar nauyin ruwa, ruwan kuwa bai zo ba tukuna.

Ya kuma san wanda za a tura idan ya buɗe baki. Wannan ne ya fi damunsa.

Masu duba bututai suka zo wucewa za su canja kaya, kowa da kofin gahawa a hannu. Mutanen wani kamfani ne, bai san sunan ko ɗaya ba. Akwai wani dogo mai ɗingishi, akwai wata mata mai furfura da ke faɗa da wani a waya kan makarantar ɗanta. Da yamma su za su tsaya a ƙarƙashin ramin nan suna cusa na'urarsu, tafki cike a saman kansu.

Ana cewa lamiri murya ce. Ba gaskiya ba ne, da murya ce da mutane sun daɗe da koyon toshe kunne. Nauyi ne a ciki, kamar an haɗiyi ƙarfe, ba ya magana, ba ya kuma narkewa. Régis ya take guntun tabar ya nufi ofishin shugaba.

Ofishin kwantena ce da aka huda wa taga. Ghislaine na zaune tana ɓare lemo a kan takarda. Ya tsaya a bakin ƙofa ya faɗa mata, ba kwana-kwana. Ta ajiye lemon.

"Ka tabbata ba ka kulle ta ba?"

"Ban tabbata ba."

"Ka tabbata ka kulle ta?"

"A'a."

"To me kake so in yi da wannan magana, Régis? In soya ta?"

"Ki duba hoton."

Ta juyo da allon ta mayar da hoton tsallen baya. Ba abin da ake gani sai ƙaton bayan rigarsa ya cika fuskar kyamara, da gwiwar hannu na shiga tana fita. Suka kalla, suka sake kalla. Ta kira mai awo ta sa aka zura wata kyamarar a bakin sanda. Ga sakatar nan jikin bango, ana ganin kanta sarai. Amma irin wannan sakata, da a kulle da a buɗe kamanninta ɗaya ne a hoto. 'Yar murɗawa ce kaɗan ta raba su, hannu ne kawai ke sani.

Ghislaine ta ɗauki waya. Régis na tsaye yana jin rabin maganar. Ta kira kamfani, ta kira wata tasha a arewa, ta kira wani tsohon abokin aikinta da ta daɗe ba ta gaishe shi ba, har ta tambaye shi lafiyar karensa. Ta kife wayar.

"Watan gyara ne. Duk ɗan tsallen da ke ƙasar nan ko yana cikin wata tukunya ko ya ƙone."

"Ni zan koma."

"Da wace mita? Taka ƙofa ba za ta buɗe mata ba."

"A ba ni ta wani. Ko in shiga da ita in rataye a ƙugiya bayan katanga, kamar yadda ake yi a da. Daƙiƙa kaɗan ne."

"Waɗanda suka yi haka a da, ina suke? Kai ka raka gawar biyu daga cikinsu, ni ma ina wurin." Ta goge hannunta da takarda. "Ba a ayarina ba. Kada ka sake faɗa min wannan, don in na ji sau biyu sai na kai ka gaba."

Ya gyaɗa kai.

"Sylvère ɗan abin da ya rage masa bai wuce na jan ƙafa ba," ta ce. "Saura mutum ɗaya. Ka san da haka tun kafin ka shigo."

"Na sani."

"Ni na yi masa alkawari, ba zan umarce shi ba. In ya ƙi, zan je in gaya wa masu tasha su dakatar da ruwa, su yi abin da za su yi da mu. Amma ba ni zan tambaye shi ba. Kai ka ɗauko, kai za ka kai."

Ya juya zai fita.

"Tsoho."

"Na'am, shugaba."

"Me ya sa ba ka tuna ba tun kana ciki?"

Ba tambayar da ke neman amsa ba ce, sai ya ja ƙofar ya fita.

Ya sami Noureddine a ɗakin canja kaya, kwance a kan benci, ya rufe fuska da hula, takalmansa a ƙasa.

"Nono," ya kira shi da gajeren sunansa.

"Ba na nan."

"Tashi, magana ce."

Noureddine ya ɗaga hular ya dube shi da ido ɗaya, sai ya tashi zaune. Régis ya sake faɗar abin da ya faɗa a ofis. A karo na biyu maganar ta fi gajarta, ta kuma fi muni.

Noureddine ya daɗe yana kallon safarsa.

"Hagu da dama," ya ce. "Mutum ya yi furfura a rami, hagu da dama ne suka kayar da shi. Jikarka ma ta san wannan."

"Haka ne."

"Kada ka ce min haka ne. Ka yi musu mana, in sami abin zagi." Ya miƙe, ya je har bakin ƙofa, ya dawo. "Ka san allura nawa aka yi wa matar nan? Ni nake yi mata, a ciki, kowace safiya. Cikinta duk ya yi shuɗi. Ba ta taɓa cewa wayyo ba. Abu ɗaya ta roƙe ni, ɗaya tak. Mako mai zuwa ne za su karɓi nawa irin, ka gane? Nawa kason aikin ke nan gaba ɗaya, in zauna nesa da rami in kai musu abu mai kyau."

"Likitan ai bai ce lallai zafin ne ba."

"Likitan ba shi na yi wa alkawari ba."

Régis ya zauna a ɗaya bencin. Gwiwoyinsa na ciwo, kamar kullum bayan tsalle.

"Kana iya cewa a'a. Shugaba ta ce ba dole."

"In ce a'a." Noureddine ya yi wata 'yar dariya mara daɗi. "Ka ɗauko kaya ka ɗora min a ka, sannan ka ce in na ga dama in sauke. A kan wa zan sauke? In na ƙi, a tsayar da tashar nan gaba ɗaya, a kori ayarinmu, kowa ya san saboda Noureddine ne da ƙwayayensa. In kuma wani mai taurin kai a sama ya ce gwaji ya wuce a saki ruwa, in zauna ina kallon mutanen can suna shiga ƙarƙashinsa. Da ka yi shirunka, Tsoho, da yanzu barci nake yi."

"Na gwada."

"Ka gwada me?"

"Shirun."

Noureddine ya dube shi. Ya sunkuya ya jawo takalminsa.

"A zuciyarka, tsakaninka da Allah, a buɗe take ko a kulle?"

"Da na sani da ban zo ba."

"Tsohon banza," in ji Noureddine, a hankali, yana ɗaure igiyar takalmi. "Je ka ce wa shugaba a kawo riga. Ƙarama, ba irin buhun da kake sawa ba."

Ba a bar Régis ya wuce ƙofar ciki ba, mitarsa ta mutu. A ɗakin kallo ya tsaya, bayan kujerar Ghislaine. A allon ya ga Sylvère a bakin rami, yau ba wasa a bakinsa, yana duba tiyon Noureddine, ya duba, ya sake dubawa. Noureddine ya ɗaga hannuwa sama kamar mai shirin nutso.

"Bango yana hagunka," in ji Ghislaine. "Sakata ɗaya. Ka taɓa, ka fito. Ba yawon buɗe ido."

"Na ji, shugaba. Ni na san haguna."

"Tura."

Sylvère ya rungumi cinyoyinsa ya cusa shi sama. Allon ya cika da farin baya. Ba a jin komai sai numfashi da shuuu ɗin iska a cikin hula. Régis ya ga gwiwar hannun hagu ta miƙe, ta tsaya. Nasa hannun ya damƙe bayan kujerar.

"A kulle take," in ji Noureddine.

"Sake murɗawa," in ji Ghislaine.

"Na ce a kulle take. Ta ma fi sauran ƙarfi. Ku ja ni, don Allah."

Ƙafafu suka fito, sannan sauran jikin. Mai awo ya tsarge rigar, ya duba mita, ya faɗi lamba. Ba mai yawa ba ce. Ba kuma sifiri ba ce.

Ghislaine ta cire abin kunnenta ta ajiye. Ba ta juyo ba.

"Abin da ka yi shi ne daidai," ta ce, da muryar mai karanta ƙa'idar da ke manne a bango. "Je ka yi wanka."

Da yamma aka saki ruwa. Tafki ya cika, murfi bai ko motsa ba. Dogon mai ɗingishi da matar mai furfura suka shiga suka yi aikinsu, ba wanda ya gaya musu komai, ba su kuma tambaya ba.

Juma'a ce, ranar da Houria ke zuwa da mota ta ɗauki mijinta, su sauke Régis a sansanin motocin kwana da ke kan hanya. Su biyun suka taka zuwa babbar ƙofa, iska na tura su ta baya. Régis ya shirya maganganu tun a wurin wanka, amma da ya auna su sai ya ga ba wadda za ta cire ko ɗigo daga abin da mitar ta nuna. Ya bar su.

Noureddine ne ya yi magana, suna dab da shinge.

"Hannunka ya fi kanka hankali. Nan gaba shi za ka riƙa tambaya."

"Nono…"

"Bari. Ga ta can."

Ƙaramar mota ce ja, a fake a gefen titi. Houria ta miƙo hannu ta buɗe musu ƙofa. Ta ɗan kumbura saboda maganin, ta ɗaure gashinta da ɗankwali mai ruwan ƙasa. Noureddine ya shiga gaba ya sumbaci kumatunta. Régis ya lanƙwashe a baya, kusa da kwandon cefane.

"Sannu, Tsoho. An ce yau za ka ƙone."

"Na ƙone, 'yata."

"Madalla. Ka je gida matarka ta tuna kamanninka." Ta tayar da mota, sai ta tsaya tana kallon mijinta. Ta kai yatsa wuyansa, inda bakin hular roba kan bar jan zobe a fata. "Wannan fa?"

"Wuyan riga ne. Sun ba ni ƙarama."

"Gashinka a jiƙe."

"Kowa ya yi wanka yau. Ciki kamar gidan burodi."

Ta janye hannunta. Ta gyara madubin gaba har ta kamo idon Régis a ciki.

"Wannan bakinsa ya fi injin motar nan gudu. Kai zan tambaya, Tsoho, don kai ko ka so ba ka iya ƙarya ba. A bakin ƙofa ya wuni?"

Noureddine na kallon titi. Bai juyo ba, bai yi tari ba, bai roƙi komai ba. Régis na ganin ƙeyarsa kawai, da jan zoben da ya zagayo har baya.

"A bakin ƙofa ya wuni," in ji Régis. "Ni na shiga."

Houria ta ƙara kallonsa kaɗan. Sannan kafaɗunta suka sauka. Ta mayar da madubin daidai, ta hau titi.

"Akwai burodi mai zafi a kwandon nan," ta ce. "Gutsura, ka miƙo wa wannan malalacin."

Régis ya gutsura ya miƙa gaba. Noureddine ya karɓa ba tare da ya waiwayo ba.